Ina 'Yarki Take Kwana?

A wannan mako ina so mu tattauna a kan 'ya'yanmu da ake ɗiba daga ƙasar Shanga zuwa birane don aikatau.

Da muka koma makaranta bayan hutun Sallah, sai na tarar da gurbin yarinya ɗaya a ajina babu kowa. Yarinya ce mai ƙoƙari, shekarunta ba su wuce 11 ba. Da na bincika, sai uwarta ta ce wata mata ce ta zo ta tafi da ita birni, wai za ta tara kuɗin kayan ɗaki. Na ce wane gari? Wace unguwa? Gidan wa? Ba ta sani ba. Dillaliyar ce kaɗai ta sani, kuma ita ke karɓar kuɗin wata.

Ba na zargin uwar nan, don na san halin da ake ciki. Amma fa mu sani hukuma ba ta yi shiru a kan wannan al'amari ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta ce duk wanda ya ɗauki yaro ko yarinya da ba su kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya yi dillancinsu, to, ya yi laifi, kuma hukuncinsa ɗaurin wata shida ne har zuwa shekara uku. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuwa ta wajabta wa iyaye su bar yaro ya yi karatun firamare da ƙaramar sakandare. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke bin irin waɗannan ƙararraki, tana kuma da ofishin shiyya a Sakkwato.

Manyan mata ma ba su tsira ba. Akwai masu zuwa da daɗin baki, wai ga aiki a ƙasashen Larabawa. A can, ƙarƙashin tsarin kafala, zaman mace a ƙasar yana hannun maigidan da ya ɗauke ta, sau da yawa har fasfo ɗinta ake ƙwacewa. A 2020 an kama wani mutum a Lebanon da ya sa hoton wata 'yar Nijeriya a Facebook yana neman mai saye, sai ka ce akuya a kasuwar Yelwa.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shimfiɗa haƙƙin masu aikin gida tun 2011: a san sharuɗɗan aiki, a biya su aƙalla sau ɗaya a wata, su huta kwana ɗaya cur a mako, takardun tafiyarsu kuma su zauna a hannunsu. To, 'yar'uwa, in tafiyar ta zama dole ga wadda ta isa, ki tsaya a kan waɗannan. Ki san gidan, ki san mai gidan, a yi magana a gaban mai unguwa, kuɗi kuma su shiga hannun wadda ta yi wahalar.

Ke kuma uwargida mai 'yar aiki, ki tuna ɗa na kowa ne. In kin kai taki makaranta da safe, ki dubi wadda kika bari tana wanke-wanke.

Ku kuma 'yan makaranta, in aka zo muku da wannan magana, ku gaya wa malamanku tun kafin mota ta tashi. Kwanuka da katifa ana iya sayensu ko yaushe, amma shekarun karatu in sun wuce ba su dawowa.

Gurbin yarinyar nan yana nan a ajina, ban ba kowa ba. Allah ya dawo mana da ita lafiya, amin.