Kafin a gina mana katafaren filin wasa, a faɗa mana wa zai ba ciyawa ruwa

'Yan uwana matasan Lautai, kullum aka zo maganar wasanni a intanet sai wasu su taso da waƙa ɗaya: wai Jigawa ba za ta shiga sahu ba sai an gina mata filin ƙwallo na ƙasa da ƙasa irin na Uyo. In ka ce a tsaya a yi lissafi, sai a ce ba ka son ci gaba. To mu yi lissafin a fili.

Filin wasa na Surulere a Legas ya karɓi wasannin Afirka na 1973, har wasan ƙarshe na Kofin Afirka aka buga a cikinsa a 1980 da 2000. Daga baya ya zama kufai. Na Abuja, mai ɗaukar mutum kusan 60,000, don wasannin Afirka na 2003 aka gina shi. Ciyawarsa ta lalace har sai da Ɗangote ya sa kuɗinsa aka gyara. Duk da haka, wasannin gida na Super Eagles na neman gurbin Kofin Duniya na 2026 a Uyo aka buga su. Gwamnatin Tarayya ke nan fa, mai kuɗin mai! Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Za su ce, ai ga Kano nan. Gaskiya ne, filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da Kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009. Amma kowace gasa 'yan makonni ce, baƙi su tattara su tafi. Me ya raya filin a sauran shekarun? Kano Pillars ce da magoya bayanta. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin lig sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, wadda Ahmed Musa ya yi suna a cikinta kafin ya tafi Turai. Fili dai ƙungiya yake bi. Inda babu ƙungiya mai jama'a, sai awaki da ɓeraye su gaje shi.

Kuma ku tuna inda muke. Daga Gumel zuwa Maigatari, iyaka da Nijar, damina ba ta daɗewa, sai rani da ƙura. Ciyawar da CAF za ta amince da ita ruwa take sha kullum, ga fitilu, ga janareta, ga albashin masu kula. Ranar buɗewa kowa zai zo ɗaukar hoto. Bayan shekara biyar wa zai biya kuɗin man janaretan?

Mu kuma a nan, yaro mai ƙafa a Gagarawa ko Sule Tankarkar yana buga ƙwallo a fegin da gobe mai shi zai zuba bulo. In ya karye, iyayensa ne da ɗori.

Don haka ga abin da ya kamata mu riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'armu, na jam'iyyarmu ne ko na wata. Fili mai katanga da takarda a kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan, yadda ba mai yanka shi ya sayar. Rijiyar burtsatse mai sola a gefensa. Gasar masarautar Gumel duk shekara, da alƙalan wasa da masu horarwa da aka koyar. Kuɗin gyara a rubuce cikin kasafi. Sannan a riƙe Jigawa Golden Stars da albashi a kan lokaci, don yaranmu su san inda za su dosa.

In an yi wannan, ranar da muka tara 'yan kallon da za su cika babban fili, mu da kanmu za mu nemi a gina shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah Ya sa mu gane.