RA'AYINMU: Aji Bai Kammala Ba Sai Da Ruwa Da Makewayi

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Jihar Kano, wannan reshe kuma ya yi na'am da hakan. An gyara azuzuwa, an kawo kujeru a wurare da dama. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba ranar bikin buɗe gini: ina yaro zai sha ruwa, ina kuma zai kewaya idan ya matsu?

Kano ba ta rasa ruwa ba. Madatsar Tiga tana nan tun 1974, ga matatun Challawa da Tamburawa. Duk da haka unguwanni da yawa a Fagge da Sabon Gari sun dogara ga 'yan garuwa, makarantar firamare kuwa ba ta da kasafin sayen jarka. Abin da ake yi shi ne shugaban makaranta ya sa hannu a aljihu, ko malamai su yi karo-karo daga albashin da bai kai su ƙarshen wata ba. Makewayin da babu ruwa a cikinsa kwana kaɗan yake yi a rufe shi, sai yara su koma bayan aji. Da damina ruwa ya kwashe ƙazantar zuwa magudanai da rafin Jakara, wata kuma ta tsiyaya cikin rijiyoyin gidaje marasa zurfi. Ta irin wannan hanya kwalara take shiga gida. A 2021 ta hallaka fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Kano tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Waɗanda suka fi cutuwa ba su cika magana ba. Yarinya 'yar aji shida da ta fara al'ada ba za ta tsuguna a inda babu ƙofa ba; sai ta tafi gida lokacin tara, ranar kuma ta wuce ke nan. Mu ne masu kiran suna, mun san gurbin da yake bayyana a rajista. Malamanmu mata ma sukan yi sallama gidajen maƙwabta, abin da bai dace da mutuncin mai tarbiyyar 'ya'yan jama'a ba.

'Yan uwanmu da ke koyarwa a karkara sun fi mu ganin tasku. A can ɗaliba sai ta cika randa kafin ta ɗauki jaka, famfon tuƙa-tuƙa kuma yakan shafe watanni a mace saboda ɗan ƙarfen da babu mai alhakin sayensa. Amma ba a ce gyara ba ya yiwuwa: a 2022 aka ayyana Jigawa, maƙwabciyarmu, a matsayin jihar farko da ta kawar da bahaya a fili.

Don haka muna kira ga hukumar SUBEB da Sakataren Ilimi na Fagge da kada a karɓi aikin gyaran kowace makaranta daga ɗan kwangila sai da ruwa mai zuwa da makewayi daban na mata da na maza, a kuma ware kuɗin gyara duk zango a hannun kwamitin kula da makaranta. Wakilanmu kuwa, kowa ya ƙirga ɗalibansa da makewayin da ke aiki, ya rubuta inda ake samo ruwa da wanda ke biya, ya miƙa wa sakataren reshe kafin taro na gaba. Da waɗannan alƙaluma za mu je gaban hukuma.