Tsofaffin Ɗaliban Sakandaren Kimiyya ta Gombe, Ina 'Ya'yanku Suke Karatu?

Jama'a, duk wanda ya zauna da tsofaffin ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Gombe ya san yadda hira take tafiya. Za a ce makarantarmu ce ta yaye Gwamna Muhammad Inuwa Yahaya, ita ta yaye Farfesa Isa Ali Pantami da ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2019 zuwa 2023. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Tun Gombe tana ƙarƙashin jihar Bauchi, kafin a ba mu jiha a 1996, ɗan manomi daga Dukku ko Kumo yakan kwana ɗaki ɗaya da ɗan attajirin cikin gari, su ci tuwo ɗaya, su wuce ABU Zariya ko ATBU Bauchi tare.

To amma mu tambayi juna tsakani da Allah: cikin masu wannan tinƙaho, mutum nawa ne ɗansa yake makarantar yau? Da yawa sun kwashe nasu sun kai makarantun kuɗi, wasu har Abuja. Makarantar da manya suka cire 'ya'yansu kuwa, babu mai ɗaga waya ya kira kwamishina idan malamin lissafi ya yi ritaya ba a kawo wani ba.

Wannan ciwo ba na Gombe kaɗai ba ne. Ko Barewa da aka kafa a Katsina a 1921, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, tarihinta ya fi zama a bakin tsofaffin ɗalibai fiye da sakamakon yaran da ke cikinta yanzu.

Wani zai ce ai ana taron shekara-shekara, ana tara kuɗi. Madalla. Sai dai fentin ƙofa da ɗinkin anko ba sa koyar da kimiyya. Makarantar kimiyya a ɗakin gwaji ake auna ta. Yaron da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO dole ya riƙe kwalba ya auna sinadari da hannunsa, ya haɗa waya da batir, ya leƙa madubin ganin ƙwayoyin halitta. Wanda a allo kawai aka zana masa waɗannan, ko ya haddace, ranar jarrabawa hannunsa rawa zai yi.

Don haka a taro na gaba a rage jawabai. A nemi shugaban makaranta ya karanta sakamakon shekara uku: yara nawa suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, nawa suka shiga Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, malaman fiziks da kemistiri nawa ake da su. Likitoci da injiniyoyin da ke cikinku kowa ya ɗauki Asabar ɗaya a zango ya shiga aji. Wanda kuma yake da ɗa da ya isa shiga sakandare bana, ya tashi a gaban taron ya faɗi inda zai kai shi.