“Ka Zama Careful”: Aro Ne Ko Ingausa?

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in ɗalibai a makarantun sakandare na Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa, da wuya a ce bai ci karo da jimla irin wannan ba: “Ka zama careful da abokan banza.” Daga saƙonnin waya da na WhatsApp kalmar ta kutso, har ta sami wurin zama a wasiƙu da takardun jarrabawar Hausa. Matsayin wannan maƙala shi ne, bai kamata malami ya karɓe ta a rubutaccen aiki ba, kuma dalilin hakan ba ƙyamar Turanci ba ne.

Masu kare kalmar sukan ce ai Hausa ta daɗe tana aro. Gaskiya ne. Mota da tebur da asibiti daga Ingilishi suka zo, ita kanta kalmar “hankali” daga Larabci take. To, amma idan aka lura, waɗannan kalmomi sai da suka bi dokar gida kafin a ba su masauki. An gyara furucinsu, an ba su jinsi da jam'i, shi ya sa ake cewa motar, motoci, teburin, tebura. Ita kuwa wannan baƙuwa ko rigar Hausa ba ta sa ba, da harafin Turanci ake rubuta ta. Yaron da ya koyi ƙa'idojin rubutun Hausa, in ya bi ƙa'ida, da sautin “c” na “ciki” zai fara karanta ta. Abin da bai bi tsarin sauti da nahawun harshe ba, ba a kiran sa aro. Ingausa ce.

Matsalar ta fi zurfi a ɓangaren nahawu. Sifofin Hausa na asali ba su da yawa, kuma sukan dace da sunan da suke bayyanawa ta fuskar jinsi da adadi, kamar fari, fara, farare. Halayen mutum kuwa galibi da suna ake bayyana su, tare da “mai” ko “masu” ko “da”: mai haƙuri, masu ladabi, yana da natsuwa. Saboda haka ne sifofin Ingilishi da suka shigo bakin jama'a sukan rikiɗe, kamar yadda ake jin “ina bizi” ko “ina redi”, inda suke aiki tamkar sunan yanayi. A “ka zama careful” kuwa, ginin jimlar gaba ɗaya aka ɗauko daga Turanci. A irin wannan muhalli, Bahaushe cewa yake “yi hankali” ko “yi hattara”. Ke nan ɗalibin da ya saba da waccan jimla ba kalma ɗaya kaɗai ya musanya ba, ya fara tunani da tsarin wani harshe yana rubutawa da haruffan nasa.

Babbar asarar tana ga ma'ana. Kalma ɗaya ce ake so ta maye gurbin kalmomi da dama, kowacce da muhallinta. Uwar da ɗanta zai je kamun kifi a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, cewa za ta yi ya yi hattara, domin haɗarin a fili yake. Direban da zai ratsa dajin Falgore a kan hanyar Jos, taka-tsantsan ake so ya yi, wato ya tafi a shirye saboda abin da ba a gani ba tukuna. Manomin Tudun Wada da ke haɗa maganin feshi, kula ake bukata daga gare shi wajen awo. Ɗan kasuwar da baƙo ya zo wa da ciniki mai araha a Kwanar Ɗangora, ɗari-ɗari zai yi da shi. Amarya a gidan surukai kaffa-kaffa take yi. Malamin da ke guje wa abin da halaccinsa ke da shakka kuwa, tsantseni gare shi, kuma wannan kalma tana ɗauke da nauyin addini da tarbiyya wanda “careful” ba ta san da shi ba. Ɗalibin da ya rufe duk waɗannan da kalma ɗaya ya rage wa mai karatu bayani, domin ba a san irin haɗarin ba, ba a kuma san irin halin da ake nema ba.

Ba a nan ake cewa malami ya riƙa farautar yara a filin wasa ko ya tsawata wa mai magana a kasuwa ba. Hira tana da 'yancinta, kuma mai harshe biyu dole wani lokaci su cakuɗe masa. Rubutun aji ne wurin da ake horar da zaɓen kalma.

Jan layi da jan biro kaɗai ba ya koyar da komai, sai dai ya sa yaro ya ɓoye kalmar ranar jarrabawa. Abin da ya fi shi ne malami ya rubuta jimlar a allo ya tambayi ajin: wane irin “careful” ake nufi a nan? Daga nan sai a jera amsoshin, a gwada kowacce a cikin jimlar, a ga wadda ta zauna daram. In gardama ta tashi tsakanin “hattara” da “taka-tsantsan”, sai a buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sannan a ba ɗalibai aikin gida su tambayo iyaye da kakanni yadda suke bambanta su.