Amsa daidai ce, amma maki ya zube: tsaya tukuna kafin ki ɗauki mayafi



Yaro ya dawo daga makaranta yana kumbure-kumbure, ya miƙo miki takardar gwajin lissafi. Amsarsa daidai ce, amma jan biron malam ya ba shi 1 cikin 4. Ɗan maƙwabta kuwa, da amsarsa ta kauce, ya tashi da 3. Na san abin da zai fara zuwa ranki: son kai. Ni ma na taɓa zuwa makarantar 'yata da wannan zargin, na dawo gida da kunya.

Malamin kirki ba da ka yake ba da maki ba. Yana da takardar tsarin maki da ta raba kowace tambaya mataki-mataki, irin wadda masu duba takardun WAEC ke bi. A can makin kashi uku ne. Akwai M, makin hanyar da aka bi. Akwai A, makin dacewar amsa, kuma ba a samunsa sai an ci M ɗin da ya rataya a kai. Sai B, wanda yake tsaye da ƙafarsa, kamar faɗin wata ƙa'ida daidai.

Ga misali. Mace ta sari mudu 12 na shinkafa a kan ₦2,500 kowanne, ta sayar a ₦3,000. Kashi nawa cikin ɗari ta ci riba? Uwar kuɗi ₦30,000, ciniki ₦36,000, riba ₦6,000, wato kashi 20. A ce malam ya ware M uku: fitar da uwar kuɗi da ciniki, debe wannan daga wancan, da mayar da ribar kashi cikin ɗari. Sai A ɗaya na amsar ƙarshe. Ɗan maƙwabta ya yi tuntuɓe wajen ninkawa, ya rubuta ₦28,000, amma ya bi sauran matakan yadda ya kamata. Hanyarsa duk tana kan takarda, don haka M uku nasa ne, A kawai ya rasa. Naki kuwa ya yi aikin a ka, ko a tafin hannu, ya dangwara 20 shi kaɗai. Malam bai ga hanya ba, bai kuma san ko leƙe aka yi ba. Wannan ɗayan ma alfarma aka yi masa.

Abin da ya sa na damu shi ne gaba. A lissafin WAEC na gama sakandare, takardar zaɓi-ka-cike tambaya 50 ce, maki 50. Takarda ta biyu, wadda ake rubuta aiki, maki 100 ce, kuma umarninta ya ce a nuna duk aikin tare da amsa, har da na gwaji. Yaron da ya saba ɓoye aikinsa tun firamare, a nan zai zubar da makin da zai kai shi C6, alhali ya iya. Yara masu kaifin ƙwaƙwalwa ma sun fi faɗawa wannan ramin, don gani suke rubuta matakai ɓata lokaci ne.

Ba wai malamai ba sa kuskure ba. Wani takardu sun yi masa yawa, sai ya riƙa duba layin ƙarshe kawai, ya soke aikin yaro gaba ɗaya saboda lamba ɗaya. Wani kuma in yaro ya bi hanyar da ba ita ya koyar ba, sai ya hana shi maki, ko da hanyar ingantacciya ce. Misali yaron da ya ce ribar mudu ɗaya ₦500 ce a kan ₦2,500, ya fitar da kashi 20, cikakken maki ya cancanta. A irin wannan kina da hakkin magana. Sai dai ki je da tambaya, ba da faɗa ba: "Malam, don Allah a wane mataki ya rasa makin?" Wanda ya bi tsari zai nuna miki nan take. Wanda bai bi ba zai gane da kansa.

A gida kuma, idan kina duba aikinsa, sa yatsa ki rufe amsar, ki ce ya nuna miki yadda ya kai can. Ko ba ki iya lissafin ba, za ki gane ko akwai layuka ko babu. Ki hana shi goge aikin da ya yi kafin ya sami wanda ya fi shi, ki kuma tuna masa ya sa naira ko santimita a jikin amsa, don mantawa da su ma na cin maki.

Wace ce a cikinku ta taɓa zuwa wurin malamin lissafi a kan maki, kuma yaya kuka ƙare?