Zuƙe iskar kabon daga sararin sama: wa zai biya kuɗin aikin?

Tun bayan da kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya bayyana, a rahotonsa na watan Afrilun 2022, cewa rage hayaƙi kawai ba zai wadatar ba, sai an haɗa da janye wani ɓangare na iskar kabon dayoksaid da ta riga ta taru a sama, ake ta ƙulla ƙawance tsakanin jami'o'i da kamfanoni da gwamnatoci domin tinkarar wannan aiki. Ta fuskar kimiyya dai ƙawancen ya yi rana, amma ta fuskar kuɗi har yanzu da sauran rina a kaba.

Ƙasar Aislan ce ake yawan ba da misali da ita. A shekara ta 2007 ne kamfanin makamashi na birnin Reykjavik ya haɗa kai da jami'ar ƙasar, da cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, da kuma jami'ar Kolumbiya ta Amurka, suka kafa shirin Carbfix. Dabarar ita ce a narkar da iskar a cikin ruwa, sannan a tura ruwan ƙarƙashin ƙasa, cikin baƙin dutsen da aman wuta ya samar, inda take haɗuwa da sinadaran dutsen ta daskare. A da ana kyautata zaton hakan zai ɗauki ɗaruruwan shekaru, amma sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 95 cikin ɗari na iskar da aka tura ta koma dutse cikin ƙasa da shekaru biyu. Babu ɗaya daga cikin ɓangarorin da zai iya cimma wannan shi kaɗai: masana na da ilimin duwatsu, kamfanin kuma shi ke da rijiyoyi da injuna.

A kan wannan harsashi ne kamfanin Climeworks na Suwizalan ya buɗe masana'antarsa ta Orca a 2021, wadda aka tsara ta zuƙi tan 4,000 a shekara, sannan ta Mammoth a 2024, mai tan 36,000. To sai dai duniya na fitar da kusan tan biliyan 40 a kowace shekara, ma'ana ko da Mammoth ta yi aiki da cikakken ƙarfinta, abin da za ta zuƙe a shekara guda bai wuce hayaƙin rabin minti ba. Kazalika a 2025 jaridar Heimildin ta ƙasar ta ruwaito cewa abin da ake zuƙowa ya gaza adadin da aka tsara nesa ba kusa ba, kuma a wannan shekarar kamfanin ya sallami ma'aikata kimanin ɗari.

Tushen matsalar shi ne, iskar da aka binne ba haja ba ce da wani ke buƙata. Aikin ya fi kama da kwashe shara, wanda kowa ke cin moriyarsa amma ba kowa ke son biya ba. Ga shi kuma da tsada, domin kabon bai wuce kashi 0.04 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa ba, kuma tace shi na cin wutar lantarki mai yawa, har kuɗin tan guda na kaiwa ɗaruruwan daloli.

Domin cike wannan giɓi ne kamfanonin Stripe da Alphabet da Shopify da Meta da McKinsey suka kafa gamayyar Frontier a 2022, tare da alkawarin kashe dala miliyan 925 kafin 2030 wajen sayen aikin tun kafin a yi shi, ta yadda ƙananan kamfanoni za su samu abin nuna wa masu zuba jari. Kamfanin Microsoft, wanda ya shiga kasuwar a gashin kansa, ya zama babban mai saye da tazara mai yawa. Kasuwar da ta dogara a kan ɗan tsirarun attajiran kamfanoni kuwa, tana iya girgiza a duk ranar da ɗayansu ya sauya shawara.

Gwamnati ma ba ta zama tudun mun tsira ba. A 2021 majalisar dokokin Amurka ta ware dala biliyan 3.5 domin kafa manyan cibiyoyi huɗu, a 2022 ta ɗaga rangwamen haraji zuwa dala 180 kan kowane tan da aka zuƙo aka binne, a 2023 kuma aka zaɓi jihohin Teksas da Luwiziyana domin cibiyoyi biyu na farko. Da shugaba Donald Trump ya koma mulki a 2025, ya sanya hannu kan janye ƙasar daga yarjejeniyar Faris, gwamnatinsa kuma ta soke tallafin ayyukan makamashi da dama. Ita kuwa Tarayyar Turai ta fi karkata ga shimfiɗa ƙa'idoji, inda a 2024 ta amince da dokar tantance ayyukan janye kabon, a shekarar da taron Baku ya amince da ma'aunan cinikinsa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wani abin da ke tayar da jijiyar wuya shi ne shigar kamfanonin mai cikin tafiyar. Cibiyar Teksas na hannun wani reshe ne na kamfanin Occidental, wanda ya sayi kamfanin Carbon Engineering kan dala biliyan 1.1 a 2023, kuma shugabarsa ta wancan lokacin Vicki Hollub ta fito fili a shekarar ta ce fasahar za ta bai wa masana'antar mai damar ci gaba da aiki na gomman shekaru. Ba shakka su ne suka fi kowa sanin haƙa rijiya da tura iska ƙarƙashin ƙasa, amma masu fafutukar kare muhalli na da hujjar fargabar da suke yi, cewa alkawarin sharewa gobe zai zama lasisin ƙazantawa yau.

A halin da ake ciki, itatuwa ne ke ɗauke da kusan dukkan nauyin. Wani rahoto da masanan jami'ar Oksfod suka jagoranta a 2024 ya ƙiyasta cewa ana janye kimanin tan biliyan 2 a shekara, akasari ta hanyar dasa dazuzzuka da kula da su, yayin da sabbin fasahohi ke da tan miliyan 1.3 kacal. A irin wannan lissafi, manoman Maradi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakinsu tun daga shekarun 1980, suna cikin masu aikin, ko da yake ba kasafai ake ganinsu a teburin da ake tsara ƙa'idoji da farashi ba. Rahoton ya ce domin cika burin yarjejeniyar Faris, sai adadin da ake janyewa ya kai tan biliyan 7 zuwa 9 a shekara nan da 2050.