Tanis Ya Kuka da Kansa

A watan Yulin 2024, ana tsakiyar gasar Wimbledon a Landan, Novak Djokovic, mutumin da ya lashe manyan kofunan tanis har 24, ya faɗa wa 'yan jarida cewa wasansu na cikin haɗari a ƙananan kulob-kulob. Dalilinsa shi ne masu filaye sun gano cewa ya fi musu riba su yanka filin tanis ɗaya su fitar da ƙananan filaye na wasu sababbin wasanni. Cikin waɗanda ya ambata har da pickleball, wanda in ya iso bakinmu zai koma fikilbol, kamar yadda fenti da famfo suka koma. Kukan ba nasa ba ne shi kaɗai. A Amurka masu tanis sun daɗe suna ƙorafi: an ƙwace musu filaye, ƙarar ƙwallon roba ta hana su sakat, kuma wai wannan abu wasan tsofaffi ne da ragwaye, bai kai a kira shi wasa ba.

Mu da ke Likoro, tsakanin gonakin rake da na tumatir, ana iya cewa ina ruwanmu da faɗan masu kuɗin Amurka. To, muna da ruwa, domin mun fi kowa sanin yadda tanis ke kallon talaka, mun kuwa san shi ne daga wajen shinge. Hukuncinmu a wannan shari'a gajere ne: tanis ya kuka da kansa. Wasan da ya yi shekara ɗari yana rufe ƙofa ba shi da bakin ƙorafi in jama'a sun sami wata ƙofar a buɗe sun shige.

Ga wanda bai taɓa gani ba, fikilbol ya samo asali ne a 1965 a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washington. Magidanta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suna neman abin da zai ɗauke wa 'ya'yansu zaman banza a lokacin hutu. Suka sami tsohon filin badminton, suka sauko da ragar ƙasa-ƙasa, suka ɗauko ƙwallon roba mai huji-huji, daga baya suka yanko siririn katako suka yi abin bugu da shi. Filin ƙafa 44 ne a tsawo, ƙafa 20 a faɗi. Ana fara bugu ne daga ƙasan kugu, ba a ɗaga hannu sama. A kowane gefen raga akwai wani yanki na ƙafa 7 da aka hana mutum tsayawa a ciki ya make ƙwallo tun tana sama, kuma wannan doka ita ce ta karya lagon masu ƙarfi, ta sa dattijo mai dabara yake iya cinye saurayi mai ƙwanji. Ƙirge kuwa ɗaya, biyu, uku ne har zuwa 11. Wanda ya zo kallo da la'asar, kafin magariba ya shiga fili.

Alƙaluman ƙungiyar masana'antun kayan wasanni ta Amurka sun nuna masu yin sa miliyan 4.8 ne a 2021, suka kai miliyan 13.6 a 2023, sannan miliyan 19.8 a 2024. Jihar Washington ta ayyana shi wasanta na hukuma a 2022. Tsofaffin zakarun tanis irin su Andre Agassi da John McEnroe sun fito gaban kyamara sun buga shi. Abin lura kuma, tanis bai mutu ba a can: masu yin sa sun haura miliyan 25 a 2024, sun ma ƙaru a kan da. Ashe ba mutuwa ake wa kuka ba. Abin da ya yi ciwo shi ne mutanen da ba su taɓa riƙe raket ba sun zo sun cika wurin, kuma suna dariya da ƙarfi.

Mu dawo gida. Tanis ba baƙo ba ne a Najeriya. An kafa kulob ɗin tanis na Legas tun 1895, kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Da suka zo Arewa suka kawo shi, suka ajiye shi a inda suka ajiye kansu, wato a kulob-kulob na unguwannin Turawa a Zariya da Kaduna da Kano, sai barikin soja da wasu 'yan makarantu ƙalilan. Da Bature ya tafi, ɗan boko ya gaji gidan, ya gaji kukun, ya gaji shingen. Ba mu ce ba a yi gwanaye ba. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, Sadiq Abdullahi ya wakilci ƙasar nan a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, kuma gasar Dala da ake yi a Kano ta daɗe tana tara 'yan wasa daga ko'ina. Amma a tambayi kowane yaro tsakanin Hunkuyi da Makarfi da Ikara yadda ake ƙirga maki a tanis, a ga ko za a sami ɗaya cikin ɗari. Hanyar da ɗan talaka ya saba bi ya shiga wannan fili ita ce ta tsintar ƙwallo, ya wuni yana gudu yana miƙa wa manya, in an tashi ya ari tsohon raket ya gwada. Bayan shekara 130, wannan ita ce ƙofar da aka bar masa.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili, awo kawai za a yi. Filin tanis ƙafa 78 ne da 36, in aka haɗa da sararin gudu da ake bari a kewaye sai ya kai 120 da 60. Fulotin da magidanci ke kwashe shekaru yana tara wa kuɗi, mai ɗari da hamsin, bai isa ya ɗauke shi ba. A wannan sarari ɗaya ana fitar da filin fikilbol huɗu, mutum 16 su yi wasa a inda huɗu ke yi a da. Ƙwallon tanis iska ce a matse a cikinta, bayan 'yan wasanni ta saki sai a sayi wata. Zaren raket in ya tsinke sai an nemi mai injin ɗaure shi, mu kuwa injin da muka sani a nan na matse rake ne. Sannan sai mutum ya yi watanni a hannun mai koyarwa kafin ya iya mayar da ƙwallo sau biyar a jere. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mai gadi ne a bakin ƙofa, yana tambayar ɗan wane ne kai.

Kada wani ya ce mana ai mutanenmu ne ba sa son irin waɗannan wasanni, domin tarihinmu ya ƙaryata shi. Babu makarantar da ta kai Eton ta Ingila ji da kai, can ne 'ya'yan sarauta da firaministocinsu ke karatu, kuma can aka ƙirƙiro wani wasa na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ake kira Eton Fives. A shekarun 1920 wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo shi Arewa. Ƙwallonsa ta asali tauri gare ta, tana ɓantare bangon ƙasa, sai mutanenmu suka ajiye ta suka ɗauki ƙwallon tanis. Daga nan wasan ya bi ɗaliban Kwalejin Katsina zuwa garuruwansu. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi shi tun yana ɗalibi har ya zama Firimiya, kuma har yau akwai kofin da ake fafatawa a kai da sunansa. A Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi wasan ya fita daga makaranta ya shiga gari, mai sarauta da ɗan kasuwa suna haɗuwa a bango ɗaya. Ku duba abin mamaki: ƙwallon tanis ta fi yin nisa a ƙasar Hausa ranar da ta rabu da raket. Haka ma ƙwallon tebur, wadda ake kafa wa teburi a gindin bishiya a ɗora katako a tsakiya a maimakon raga, yara su yi layi. Duk wasan da ya yarda ya zauna a tabarmarmu, mun karɓe shi hannu bibbiyu.

Mun san abin da za a ce. Na farko, muna da namu: langa, kokawa, dambe, ga kuma ƙwallon ƙafa da ta cinye kowane fili. Gaskiya ne, kuma ba mu yarda a taɓa ko ɗaya ba. Amma dukansu na samari ne. Wa ya taɓa ganin mai shekara 55 ya ɗaure hannu ya shiga dambe, ko ya kama ƙafa ɗaya yana tsallen langa? A garuruwanmu namiji na yin aure ya haifi biyu sai ya yi sallama da wasa, ya koma benci, daga dara sai gidan kallon ƙwallo, inda yake biyan kuɗi ya ga wasu suna gudu. Mace kuwa tun daga ranar da ta daina gaɗa shi ke nan, ta gama motsa jiki don nishaɗi har abada.

Na biyu, za a ce manomi ba ya bukatar motsa jiki, fartanya ta ishe shi. Wanda ya faɗi haka ya daɗe bai zauna a ƙauye ba. Tela da mai shago da malamin makaranta da direba da mai cajin waya duk a zaune suke wuni, babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa hatta zuwa masallacin unguwa, shayi kuma sai an zuba masa sukari har cokali ya tsaya. Hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki sun daina zama cutar 'yan birni, kowa a cikinmu yana iya lissafa gidajen da suka shiga. Kuɗin kai mutum ɗaya asibitin koyarwa na Shika ya kwana bakwai ya fi kuɗin fenti da raga da buhunan simintin da za a gyara fili da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ba wanda zai cika wannan da wa'azin likita. Sai da abin da ke da daɗi, da abokai, da ɗan musu a kan ko ƙwallo ta taɓa layi.

Na uku, za a ce ana fama da tsadar taki da rashin tsaro, ku kuna zancen wasa. Mun ji. Sai dai saurayin da ba shi da wurin zuwa tsakanin la'asar da isha, akwai masu jiran sa, kuma ba ƙwallo za su miƙa masa ba. Garin da ya hana matasansa da dattawansa wurin haɗuwa in ba zaman makoki ko taron siyasa ba, shi ma yana biyan kuɗin hakan ta wata hanya.

Ba mu ce fikilbol ba shi da aibu ba. Ƙwallonsa ba nauyi, iskar hunturu za ta yi wasa da ita, sai an nemi wurin da bango ya kare. Yana da ƙara. Kuma a kyawun kallo bai kama ƙafar tanis ba, wanda ya ga Roger Federer da Rafael Nadal a wasan ƙarshe na Wimbledon a 2008 ya san haka. Amma kallo daban, yi daban, kuma ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Babban tsoronmu ma ba daga masu tanis yake ba. Mun san yadda sabon abu ke shigowa ƙasar nan: ya sauka a Legas, ya wuce Abuja, a kafa masa ƙungiya da shugaba da sakatare, a gina masa fili mai shuɗin fenti a bayan otal, a sa mai gadi. Kafin ya iso Zariya ya zama abin 'yan gayu, abin bugun da aka fara yi da guntun katako ya koma na dala ɗari. In aka bi ta nan, za a mayar da fikilbol ƙanen tanis, mu kuma mu koma leƙe ta shinge. Ko kuma wani ya ji labari ya mayar da shi kwangila, a ware miliyoyi, a kafa allo mai hoton shugaba, a yanka kirtani, bayan damina biyu awaki su gaje wurin.

Saboda haka abin da muke nema kaɗan ne, kuma yawancinsa a hannunmu yake. Shugabannin makarantun firamare da sakandare su duba harabarsu, da wuya a rasa daɓen siminti ko fili mai tauri na ƙafa 44 da 20, a ja layi da fenti, ko da toka ma. Kafintocinmu su ga hoton abin bugun sau ɗaya a waya, za su yanka goma kafin azahar. Masu ɗinkin raga su yi ta da igiya. Makarantun 'yan mata da na Islamiyya, da manyan gidaje masu faɗin tsakar gida, su sani cewa wannan fili yana shiga cikin katanga, mata su yi abinsu a tsakaninsu ba tare da idon kowa ba, kuma ba ya bukatar a sauya sutura. Masu unguwanni da hakimai su tsaya a kan filayen makarantu da na jama'a, kada a ci gaba da yanka su ana yin shaguna. Ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara kuwa, in suna son taimakawa, su sayi ƙwallaye su raba wa makarantu, su bar mana sauran.

In ƙwallon roba ta yi wuyar samu, mu yi abin da kakanninmu suka yi wa Fives, mu nemo wadda ke akwai mu gyara doka ta dace da ita. In ma fikilbol bai karɓu ba, a gina bango uku a dawo da Fives ɗin, ko a ƙara tebura a gindin bishiya. Sunan wasan bai dame mu ba. Sharaɗinmu dai ya zama mai shekara 60 da jikarsa za su iya shiga, kuma ba wanda zai tambaye su katin kulob.